Yadda Ake Haɗa Fentin Jiragen Yaƙin Faransa na 1940 a Kan Ƙananan Samfura

Wanda ya saba harhaɗa ƙaramin samfurin Spitfire na Ingila ko Messerschmitt na Jamus ya saba da sauƙi. Launukan waɗannan jirage suna da suna ko lamba tsayayya, ka sayi kwalbar da aka rubuta wa lambar, ka fesa, shi ke nan. Ranar da ya buɗe kwalin Dewoitine D.520 ko Morane-Saulnier MS.406 na Faransa kuwa, ranar zai san shayi ruwa ne. Kamfanonin fenti ba su yi ittifaƙi a kan launukan Faransa ba, littattafai ma haka, kuma idan ka jera hotunan jirage biyar na runduna ɗaya da wuya ka samu biyu masu zane iri ɗaya.

Dalili kuwa shi ne gaggawa. Har zuwa 1938 jiragen sojan saman Faransa da yawa suna yawo ne da farin ƙarfensu, wasu da kore gaba ɗaya, wasu manyan masu jefa bom irin su Amiot 143 da ruwan ƙasa mai duhu. Rikicin Munich na watan Satumban 1938 ne ya farkar da hukuma, aka shiga yi wa jirage fentin ɓad-da-kama. Wasu an yi musu a masana'anta, wasu a filin jirgi da hannun makanikai. Jiragen Curtiss H-75 da aka sayo daga Amurka ma da farin ƙarfensu suka iso, a Faransa aka harhaɗa su aka fente su. Babu wani zane guda da aka tilasta wa kowa bi, kuma fentin ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba.

Saboda haka abin da za ka nema ba wata lamba ce da ta fi kowace daidai ba. Abin nema shi ne yadda launukan saman guda uku za su zauna da juna: wanne ya fi duhu, wanne ya fi haske, kuma ina tazarar da ke tsakaninsu. Idan wannan ta zauna, jirgin zai fito a matsayin na Faransa ko da korenka ya ɗan bambanta da na wani. Idan ta ɓaci, ko kwalba mafi tsada ka saya, abin da za ka samu jirgin Ingila ne mai tambarin Faransa.

Launukan da ake magana

Huɗu ne a waje. A ƙarƙashin jirgi akwai Gris bleu clair, ruwan toka mai haske da ya ɗan karkata zuwa shuɗi. A sama akwai Gris bleu foncé, wato ruwan toka mai shuɗi amma mai duhu. Da Kaki ko Vert, kore mai ratsin ruwan ƙasa. Da Brun, ruwan ƙasa wanda a wasu jirage yake da duhu sosai, a wasu kuma yake jaja-jaja ana kiransa Terre de Sienne. A ciki kuma akwai Chamois, ruwan ƙasa mai haske da ya karkata zuwa ɗorawa, wanda ake shafa wa ƙarfe don kariya, da Bleu nuit, shuɗi mai duhu ƙwarai da ake gani a mazaunin matuƙi.

Za ka riƙa cin karo da lambobin FS a takardun da ke cikin kwali. Ka karɓe su a matsayin kusantarwa kawai. Tsarin FS 595 na bai wa launuka lamba na Amurka ne, kuma a 1956 aka fitar da shi, shekara 16 bayan yaƙin Faransa. Babu wani mai fenti a Tulus, garin Faransa inda aka ƙera D.520, da ya taɓa ganin waɗannan lambobi a lokacin.

Fara da jirgi guda, ba da kwalba ba

Kafin ka buɗe fenti ko ɗaya, zaɓi jirgin da za ka yi, da lambarsa, da watan da kake son nuna shi. Wannan ba iyayi ba ne. Ɗauki D.520 mai lamba 277 na matuƙi Pierre Le Gloan, na rundunar GC III/6, wanda da shi ya harbo jiragen Italiya biyar ranar 15 ga Yunin 1940. A wannan watan launukan nan huɗu ne a jikinsa. A tsakiyar 1941, lokacin da rundunar ta tafi yaƙin Siriya a ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da aka kafa bayan Jamus ta ci ta a 1940, wutsiyarsa ta koma ruwan ɗorawa, ga kuma farin layi a gefen gangar jiki. Jirgi ɗaya ne, kwalabe daban.

Sai ka nemi hotunansa na lokacin, ka karanta su da hankali. Yawancinsu baƙi da fari ne, kuma wani irin fim na wancan zamani yana mai da ja ya zama baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya yi fari-fari. Tambarin Faransa zai gaya maka irin fim ɗin: zobensa na waje ja ne, na tsakiya fari, ƙwayar ciki shuɗiya. Idan ka ga zoben waje ya yi baƙi sosai, ƙwayar kuma ta kusa ɓacewa, to ka san ruwan ƙasan jirgin ma hoton ya ƙara masa duhu, ruwan tokar kuma ya ƙara masa haske. Kada ka auna tazarar launukanka da irin wannan hoto kai tsaye.

Jiragen gidan tarihi, kamar D.520 ɗin da ke Le Bourget kusa da Paris, suna da amfani wajen ganin siffa da ƙananan sassa. Amma an sake musu fenti bayan yaƙi, don haka launinsu ra'ayin wanda ya gyara su ne.

A nan akwai tarko ga mai son yin jirgin da ya shafi yankinmu. Bayan Chadi ta bi bayan Janar de Gaulle a watan Agustan 1940, jiragen 'Yantacciyar Faransa, wato ɓangarensa da ya ci gaba da yaƙar Jamus, sun yi aiki daga Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, sun kuma tallafa wa kwamandansu Leclerc a harin Kufra da ke Libiya na farkon 1941. To amma jiragen Blenheim da Lysander ɗin da suka yi wannan aiki daga Ingila aka karɓe su, da fentin Ingila a jikinsu. Haɗin da ke tafe bai shafe su ba.

Kayan aiki

Zan kafa misalan a kan fentin Tamiya mai lambar XF, don ana samunsa a ƙasashe da yawa. Kana buƙatar kwalabe marasa komai masu murfi, sirinji na mililita 1 ko 2 ba tare da allura ba, tsinken sakace na motsawa, tinar X-20A (ruwan tsinka fenti), fararen cokulan roba kamar goma sha biyu, da littafin rubutu. Kamfanoni irin su Vallejo da Hataka suna sayar da jerin launukan Faransa a haɗe, kuma ba laifi ba ne ka saya. Sai dai su ma sai ka gwada su yadda za mu gwada namu, don sau da yawa za ka tarar ɗaya daga cikin ukun yana son gyara.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: kada ka gauraya fentin kamfanoni biyu a kwalba ɗaya sai ka tabbata tinarsu ɗaya ce. Tamiya akwai sinadarin barasa a cikinsa, Vallejo kuma na ruwa ne zalla. Suka haɗu sai su kakkarye su yi gudaji, su toshe maka bakin bindigar feshi.

Motsa kowace kwalba da tsinke har ƙasa kafin ka ɗiba. Girgizawa kaɗai ba ta isa, musamman XF-2 fari da XF-49, waɗanda garinsu ke kwantawa. Wanda ya ɗibi ruwan saman kwalba ya auna, gobe ba zai iya maimaita haɗinsa ba.

Haɗin kansa

Fara da ɗigo a murfin kwalba, kada ka fara da mililita. Sai haɗin ya gamsar da kai sannan ka ninka shi da sirinji. Kullum ka zuba launi mai haske tukuna, ka riƙa ɗiga mai duhu a kansa. Ɗigo ɗaya na shuɗi yana juya fari mai yawa, amma kafin fari ya janyo shuɗin da ya wuce gona da iri sai ka kusa ƙarar da kwalba.

Ruwan toka mai duhu, Gris bleu foncé, shi ne ginshiƙi, shi ya sa nake fara haɗa shi. Ɗauki kashi 3 na XF-53 toka, kashi 2 na XF-18 shuɗi, kashi 1 na XF-2 fari. Abin da kake so shi ne launin da idan ka kalle shi shi kaɗai za ka ce toka ne, idan ka ajiye shi kusa da toka zalla kuma sai ka ga shuɗinsa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ruɗu da sunan a yi shi da duhu sosai. A hotunan D.520 da Bloch MB.152 da yawa, shi ne mafi haske a cikin ukun na sama, kuma shi ke ba jirgin kamanninsa. Idan ya yi duhu har ya kai koren, zanen gaba ɗaya zai dushe. Idan shuɗin ya yi maka yawa, ƙara XF-53. Kada ka sa baƙi.

Kore shi ne wurin gardama. Wasu jirage nasu ya fi kusa da kaki na gaske, wasu kuma kore ne sosai. Don na farko, haɗa kashi 2 na XF-49 da kashi 1 na XF-58. Don na biyu, juya lissafin: kashi 2 na XF-58, kashi 1 na XF-49, da ɗan ɗigon XF-5 idan kana son ya ƙara rai. A ganina na farkon ya fi dacewa da MS.406 da ya sha rana da ruwa tun daga 1939, na biyun kuma da D.520 da ya fito daga masana'anta a bazarar 1940. Wannan zaɓina ne, ba nassi ba. Abin gudu shi ne kore mai duhu irin na Ingila, XF-61 ko makamancinsa shi kaɗai, domin da shi da ruwan ƙasa za su haɗe su zama dunƙule ɗaya daga nesa.

Ruwan ƙasa mai duhu: kashi 3 na XF-10, kashi 1 na XF-64. Idan jirginka na masu jaja-jajan ne, yi kashi 2 na XF-64 da kashi 1 na XF-52. A yawancin lokuta ruwan ƙasa ne zai zama mafi duhu a cikin ukun, kore a tsakiya, toka mafi haske.

Na ƙarƙashi, Gris bleu clair: kashi 3 na XF-23, kashi 2 na XF-19, kashi 2 na XF-2. XF-23 shi kaɗai yana da ɗan kore-kore da ke sa jirgi ya yi kama da na Jamus, tokar ce ke kashe wannan.

Na ciki ba sa cin lokaci. Chamois kashi 2 na XF-57 da kashi 1 na XF-59. Bleu nuit kashi 2 na XF-17 da kashi 1 na XF-8, da ɗigon fari don kada mazaunin matuƙi ya zama rami baƙi da zarar an rufe gilashi. Ramin tayoyi ka bi hoton jirginka, don akwai masu Chamois akwai masu launin ƙarƙashi.

Wanda Tamiya bai kai gare shi ba, fentin akirilik na masu zane da ake sayarwa a bututu zai yi aiki idan za a shafa da burushi. Toka mai shuɗi: fari, ɗan baƙi, da shuɗi mai zurfi. Kaki kuwa ba daga kore ake fara shi ba. Ɗauki ɗorawa mai ratsin ƙasa ka ɗiga mata baƙi kaɗan-kaɗan, za ka ga ta koma kore irin na soja da kanta, sannan ka gyara da ɗigon shuɗi. Ruwan ƙasa ana samunsa a haɗe, sai dai a ƙara ja ko a rage.

Rage ƙarfin launi

Samfurin D.520 a ma'aunin 1/72 faɗin fukafukansa bai wuce santimita 14 da ɗoriya ba, domin na gasken mita 10.2 ne. Idan ka kalle shi daga tazarar santimita 30, tamkar kana kallon jirgin gaske ne daga mita 21 da rabi. Daga irin wannan nisa launi yana dushewa. Shi ya sa masu wannan sana'a suke ɗan haskaka fenti, kamar kashi ɗaya cikin goma a 1/72, ƙasa da haka a 1/48.

To amma ba kowane launi ake haskakawa da fari ba. Tokokin biyu suna karɓar fari. Kore da ruwan ƙasa kuwa fari yana mai da su kamar an barbaɗa musu alli, ruwan ƙasa mai ja har yakan koma ruwan hoda. Su ka haskaka su da ruwan ƙasa mai haske, XF-57 ko XF-55.

Gwajin cokali

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne amfani. Fesa wa bayan cokulan irin shimfiɗar farko da za ka yi wa jirgin. Sannan a kan cokali ɗaya ka fesa launukan saman uku suna taɓa juna, ba kowanne a cokalinsa ba. Bar shi ya bushe sarai, don akirilik yakan ƙara duhu idan ya bushe. Shafa wa rabin cokalin fentin kariya mai ƙyalli, X-22, ka ga yadda zai ƙara zurfafa launin, tunda shi ma jirgin sai ya bi ta wannan hanya kafin a liƙa masa sitika.

Fita da shi waje, a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar. Ƙwan lantarki yana yaudara, musamman a kan kore da toka. Daga nan ka ɗauki hotonsa da waya, ka mai da hoton baƙi da fari, ka ajiye shi kusa da hoton jirgin gaske. Idan launuka biyu sun haɗe sun zama toka ɗaya a wayarka alhali a tsohon hoton sun rabu, ka san wanda za ka ɗaga da wanda za ka sauke. Gyara ɗaya a lokaci guda, ka sake gwadawa a sabon cokali, ka rubuta lissafin a jikin cokalin da kuma littafinka.

Da ka gamsu, haɗa fiye da abin da kake zaton za ka buƙata. Mililita 3 zuwa 4 na kowane launin sama ya wadatar da jirgin yaƙi mai inji ɗaya a 1/48, har da ragowar gyara. Ajiye shi ba tare da tina ba, ka riƙa tsinka abin da za ka fesa kaɗai.

Fesawa

Wanke sassan da ruwan sabulu, goge wurin haɗi da samfefa mai laushi, yi shimfiɗar farko mai ruwan toka. Tsinka fenti da tina kashi ɗaya da ɗaya don manyan wurare, har ya yi kaurin madarar shanu. Don zana iyakokin launi da hannu, ƙara tina ta kai kashi biyu, rage matsin iskar bindigar feshi zuwa wajen bar 1, ka matso da bakin bindiga kusa. Baki mai faɗin milimita 0.2 ko 0.3 shi ya fi.

Fara da ƙarƙashi. Idan ya kwana ya bushe, rufe shi da tef ɗin takarda, ka lulluɓe saman duka da ruwan toka mai duhu. Zana iyakokin kore da ruwan ƙasa da fensir a hankali, ka fesa kore, sannan ruwan ƙasa a ƙarshe. A kowane fage ka fara zagaye bakinsa, kana karkata bindigar zuwa cikin fagen don burbushin fenti ya faɗa ciki, sannan ka cike tsakiya.

Laushin iyaka ma abin lura ne. A jirgin gaske inda launi biyu suka narke cikin juna bai fi 'yan santimita ba, wanda a 1/72 bai kai milimita ɗaya ba. Masu fesawa da hannu sukan yi shi da faɗi har jirgin ya zama kamar hayaƙi. Idan hannunka bai zauna ba, yanka takarda daidai siffar fagen, ka ɗaga ta kaɗan daga jikin jirgi da ƙananan dunƙulen tef a ƙarƙashinta, ka fesa daga sama tsaye. Za ta ba ka iyaka mai ɗan laushi daidai misali. Mai aiki da burushi kuma kada ya damu, iyaka mai kaifi a 1/72 ba aibi ba ce, balle ga jiragen da aka fente a filin daga.

A ƙasa mai zafi Tamiya yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya bar jikin jirgi da kaushi. Ɗigon sinadarin jinkirta bushewa yana magance wannan, haka ma yin aikin da sassafe. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: da ka gama fesawa ka kifa wa jirgin roba mai tsabta. Ka yi aiki kusa da taga a buɗe, da abin rufe hanci.

Tambari, wutsiya da tsufa

Abin juya wutsiya yana ɗauke da launukan tutar Faransa a tsaye, shuɗi a gaba wajen maƙali, fari a tsakiya, ja a baya. Sitikar da ake bayarwa don wannan wuri ba ta cika zama daidai ba, fenti ya fi. Sai dai dole shuɗinka da janka su yi daidai da na tambarin da za ka liƙa, saboda haka a jikin takardar sitika za ka auna su. Shuɗin Faransa na lokacin ya fi na Ingila haske nesa ba kusa ba, kuma yana da toka-toka. Fara da kashi 2 na XF-18, kashi 2 na XF-2, kashi 1 na XF-8. Idan sitikar kwalinka ta zo da shuɗi mai duhu, gara ka yanka ƙaramin da'ira a tef ka fesa ƙwayar tambarin da naka haɗin.

Idan jirgin zamanin Vichy ne mai ɗorawa, ko mai ratsin ja da ɗorawa a hanci da wutsiya, ka yi waɗannan wurare tun kafin fentin ɓad-da-kama. Shimfiɗa fari tukuna, sannan XF-3 ɗorawa da aka ɗiga wa ɗan XF-7 ja kaɗan ƙwarai don ya yi ɗumi. Ɗorawa a kan kore ko toka ba ta rufewa, sai dai ta yi ta kauri tana cinye layukan jikin jirgi.

Bayan X-22 da sitika, rufe da fentin kariya. Jirgin da ya fito sabo a watan Mayun 1940 yana son ɗan sheƙi, don haka haɗa XF-86 maras sheƙi da X-35 mai ɗan sheƙi. Wanda ya kwana a waje tun damina ta 1939 XF-86 kaɗai ya ishe shi. Ɓarewar fenti ta yi yawa a jiragen Faransa, musamman a gindin fiffike inda ake takawa, da kewayen murfin inji da na bindigogi. Ɗangwala XF-16 mai launin farin ƙarfe da ɗan guntun soso da ka kusa busar da shi a takarda, ka taɓa waɗannan wurare kaɗan. A MS.406 ka tsaya a gaba: bayan gangar jikinsa da yadi aka rufe shi, babu ƙarfen da zai leƙo a can. Wurin nan sai dai ka ɗan haskaka launinsa da XF-57 mai tina da yawa, ka fesa sama-sama tsakanin haƙarƙarin.